Faifan Sakkwato da kunnen samari

  Iyayenmu da ke kishingiɗe a zaure, ina gaisuwa. Iyayenmu mata da ke tsakar gida ana kwasar tuwo, sannunku da aiki. 'Yan kasuwar Tudun Wadar Zariya da ke haɗa kaya za a rufe shago, Allah ya sa an yi ciniki. Ɗaliban Kongo da na Gyallesu, da samarin da ke majalisa an kewaye waya ɗaya ana kallo, duk ina yi muku barka da yamma.

Yau zancen kiɗa zan yi. Na san akwai dattijon da da jin haka zai miƙa hannu ya murɗa rediyo. Baba, don Allah dakata kaɗan. Zancen nan na ɗanka ne. Wancan da kake gani da iyafis toshe a kunne tun safe har dare, kana mamakin me yake ji haka.

Labarin faifai ɗaya zan ba ku. Faifan farko ne na wani saurayi makaɗin jita daga Jamhuriyar Nijar. A Sakkwato aka ɗauke shi, a shekarar 2008. Babu kamfanin da ya tsaya masa. Babu allon talla. Babu shagon da aka jera shi. Duk da haka ya ratsa hamada, ya shiga aljihun samari tun daga Agadas har arewacin Mali. Yau mai faifan yana hawa manyan dandamali a Amurka da Turai. To, ga abin da nake so ku riƙe mini: samari ne suka zaɓi faifan nan da kunnensu. Ku riƙe shi da kyau, don za mu yi ta dawowa kansa.

Shi dai irin sautin ba baƙonku ba ne. Duk wanda ya saba zaman teburin mai shayi a Zariya ya taɓa jin sa. Da yawa daga masu shayi da masu gadin garin nan 'yan uwanmu ne daga Nijar. Idan dare ya yi, ciniki ya lafa, sai ka ji wata jita tana tashi daga ƙaramar waya. Tana tafiya a hankali, tana juyawa wuri ɗaya, ana tafi, ana amshi. Mukan ce kiɗan Buzaye ne, mu kurɓi shayinmu mu tashi. Ba mu cika tambayar wane ne mai kiɗan ba.

Kafin in shiga labarin, bari in warware kalmomi biyu, don kada in bar kowa a baya.

Ta farko ita ce rok. Kiɗan rok kiɗan ƙungiya ne. Yawanci mutum huɗu ne ko biyar. Akwai mai jitar lantarki. Akwai mai jita mai kaurin murya, wadda ake ce wa bes. Akwai mai jerin ganguna, yana kaɗawa da hannu da ƙafa. Sannan ga mai waƙa. Kowa da aikinsa, kuma a tare ake yi, a lokaci guda. Wanda ya san yadda mai kalangu ke tafiya da mai kuntukuru da 'yan amshi, ya riga ya gane tsarin.

Ta biyu ita ce indi. Daga Turanci aka gutsuro ta, ma'anarta mai cin gashin kansa. A Ingila da Amurka, daga ƙarshen shekarun 1970, samari makaɗa sun gaji da jiran manyan kamfanonin faifai su waiwaye su. Sai suka riƙa ɗaukar kiɗansu da kuɗin aljihunsu, suna fitarwa ta hannun ƙananan kamfanoni, suna sayarwa a wurin wasa. Shi ne ake kira rok na indi. In kun lura, mu nan Arewa kusan kowane mawaƙi da haka yake farawa. Wa ya taɓa ba yaron unguwarku kwangila kafin ya yi suna? Da kuɗin ɗinki ko na acaɓa yake shiga sitidiyo.

To, mu koma kan saurayinmu.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Duniya kuwa ta san shi da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, daga yankin Cintabaradan da Abalak, cikin jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne, ba a maraba da jita. Yana yaro ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na Abzinawan Nijar. Abin ya zauna masa a rai. Ba shi da kuɗin saye, kuma ko da kuɗin, ina shagon? Sai ya nemi katako ya sassaƙa. Ya kwance wayar birkin keke ya ɗaura a matsayin tsirkiya. Da wannan ya koya, a ɓoye. Ga shi kuma bahago, a duniyar da yawancin jita don na-dama ake ƙera ta.

Kiɗan da ya tarar yana da tarihinsa. An haife shi ne a gudun hijira. Fari ya kori Abzinawa da yawa daga makiyayarsu a shekarun 1970 da 1980, samarinsu suka bazu Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can suka ɗauki jita. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali daga nan ta fito. A kaset ake ɗaukar waƙoƙin, ana kwafa, ana miƙawa hannu da hannu. Suna kiran wannan kiɗa asuf. A Hausa kalmar da ta fi kusa da ita ita ce kewa. Kewar gida, kewar dangi, kewar wanda ka baro. Ku ajiye wannan kalma a gefe, za mu neme ta an jima.

Yanzu ga inda labarin ya shigo gidanmu.

Daga Tawa in ka gangaro kudu, sai Birnin Ƙonni. Ka tsallaka Illela, sai Sakkwato. Hanya ce da kakanninmu suka sha bi da raƙuma da jakuna. A 2008 Mdou ya zo Sakkwato da jitarsa, ya shiga sitidiyo.

Ku tuna wane lokaci ne wannan. Lokacin da waƙoƙin fina-finan Hausa suka cika ko'ina. Waƙoƙin nanaye. A mota su ne, a shagon aski su ne, a gidan biki su ne. Irin sitidiyon wancan zamani kun san su. Ɗaki ɗaya ne, an manna soso a bango. Ga kwamfuta, ga fiyano, ga makirufo ɗaya, ga janareto yana ruri a waje. Babu mai ganga. Na'ura ce ke buga gangar. Sannan ga abin da ya zama tambarin zamanin, wato ototun. Manhaja ce da aka ƙirƙira a Amurka don gyara muryar mawaƙi idan ta kauce. Masu sitidiyonmu suka murɗa ta har ƙarshe. Sai murya ta fito siririya, tana karkarwa, tana walƙiya kamar ƙarfe a rana.

Wannan tukunya aka zuba kiɗan hamada a ciki. Jitar Abzinawa a sama, gangar na'ura a ƙasa, murya da harshensu na Tamashek ta bi ta cikin ototun. Waƙoƙi masu sanyi, marasa gaggawa. Aka sa wa faifan suna Anar.

Zan ɗan daɗe a nan, don nan ne abin ya fi taɓa ni. Shekara nawa muka yi muna raina kiɗan nanaye? Mun ce kwaikwayon Indiya ne. Mun ce kiɗan fiyano ne, ba shi da asali. A cikin sukar akwai gaskiya, ban musa ba. Amma yaran da ke zaune gaban kwamfutocin nan sun ƙera wani sauti da babu irinsa a duniya. Har ya kai makaɗi ya baro ƙasarsu ya zo nemansa. Ya ji wani abu a ciki da mu masu shi ba mu tsaya mun ji ba. Ya ɗauki gishirinmu ya zuba a miyarsa, miyar ta yi daɗi. Ni wannan abin alfahari ne a wurina, kuma ina faɗarsa da bakina a rediyo.

Sai dai a faɗi gaskiya, a ranar da aka ɗauki Anar babu ƙungiya tukuna. Saurayi ne da jitarsa da mai sitidiyo. Ƙungiyar daga baya ta zo, za mu iso wurin.

To, an gama faifai. Yaya aka yi ya yaɗu? 

Waya ce ta ɗauke shi. Ƙananan wayoyin nan 'yan Caina, masu lasifika mai ƙara, masu cin memori. A hamada a lokacin intanet sai wane da wane. Amma akwai bulutut. Samari biyu su haɗu a tasha, ko a bayan babbar mota ana tafiyar kwana biyu, ko a gindin bishiya ana dafa shayi. Wannan ya kunna waƙa. Wancan ya ce, tura mini. A kanga waya kusa da waya, a jira ɗan lokaci, shi ke nan waƙa ta sami sabon gida. Gobe shi ma ya tura wa wani a wani gari.

Mutanen Tudun Wada, wannan ai ba sai na yi muku dogon bayani ba. Kun san masu turi. Kun san rumfar caji da kwamfuta a kan tebur, yaro ya miƙa memori ya ce a cika masa. Haka waƙoƙin Mdou suka yi tafiya, daga Nijar zuwa Mali, daga aljihu zuwa aljihu. Sau da yawa ma sunan mai waƙar ya goge a hanya. Waƙa tana yawo, mai ita ba a san shi ba.

Ku duba da kyau. A wannan kasuwa babu mai tilasta maka. Memori ƙarami ne, wuri kaɗan ne. Waƙar da ba ta yi maka ba, gogewa za ka yi ka sa wata. Wadda ta kwana wata shida a wayarka, ta ci jarrabawa. Wadda ka ce wa abokinka sai ya ji, ta ci jarrabawa sau biyu. Shi ya sa na ce muku samari ne suka zaɓi faifan nan da kunnensu.

Yanzu ga babbar tambaya. Me suka ji a ciki?

A ganina abu na farko shi ne, sun ji zamaninsu. Kiɗan iyayensu na kaset yana nan, suna girmama shi. Kiɗan Amurka da na Legas yana nan, suna rawa da shi. Amma wannan ya zo da harshen gida cikin muryar na'ura. Tsohuwar kewa ce ta sa sabuwar riga. Saurayin da ke da rawani a ka da waya a hannu ya ji waƙar ta yi kama da shi. Ba ta ce ya cire rawanin ba, ba ta ce ya ajiye wayar ba.

Sai ita kewar da na ce ku ajiye. Jama'a, wa ya kai saurayi sanin kewa? Shi ne ke barin gida. Shi ne ke tafiya ci-rani. Shi ne ke tafiya Libiya, ko Arlit, ko Kano, ko Legas. Shi ne ɗalibin da ya baro Gombe ko Ilori ya zo Kongo karatun lauya, yana kwana a ɗakin haya, yana lissafin garin kwaki. Shi ne ke son yarinya ba shi da kuɗin lefe. Mu manya mukan manta wannan ciwo, don mun warke. Mukan ga yaro ya yi shiru da iyafis a kunne mu ce lalaci ne. Wani lokacin jinya yake yi. Waƙa mai sanyi tana faɗa masa abin da ba zai iya faɗa wa babansa ba. Kuma ba dole sai ya ji harshen ba. Kewa tana da sautinta. Bahaushen da bai san kalma ɗaya ta Tamashek ba zai ji jitar nan ya san mai kaɗa ta ya baro wani abu a baya.

Akwai kuma wani sirri da ke tattare da faifan farko, kowane faifan farko. Mai shi ya yi shekaru yana tara waƙoƙin a cikinsa. Babu wanda ya sa shi. Babu masu sauraron da yake tsoron ɓata wa rai, don ba shi da su tukuna. Yunwa ce ke waƙar. Aikin ba ya cika santsi, akan ji ɗan kaushi nan da can. To wannan kaushin shi ke jan yaro. Idan ya ji aikin da aka kashe miliyoyi a kai, sai ya yi sha'awa daga nesa. Idan ya ji wanda aka yi a ɗaki irin na unguwarsu, sai zuciyarsa ta ce masa, ashe kai ma za ka iya.

Kada ku ɗauka a hamada kaɗai ake haka. A birnin Shafil na Ingila an yi wasu samari huɗu, ƙungiyar Arctic Monkeys. Suna wasa a ƙananan wurare, suna raba faifan gwaji kyauta. Masu sauraronsu suka ɗora waƙoƙin a intanet suna tura wa juna. Kafin manyan kamfanoni su farga, yara sun haddace waƙoƙin. Da faifansu na farko ya fito a farkon 2006, ta hannun ƙaramin kamfani, an sayi fiye da kwafi 360,000 a mako guda. Can intanet, nan bulutut. Hannun da ya tura kuwa iri ɗaya ne, hannun aboki.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Bari mu juya ga ɓangaren da ba shi da daɗi.

Duk wannan yawo da waƙoƙin suka yi, turi ba ya kai ko sisi aljihun mai waƙa. Mai rumfar turi ya karɓi nasa. Mai sayar da memori ya karɓi nasa. Wanda ya sassaƙa katako ya ɗaura wayar birki fa? Shi sai dai suna, in sunan bai goge ba. Abin da ke ceton makaɗan jita a Nijar shi ne biki. A Agadas ƙungiyoyin jita da kiɗan aure suke ci. Waƙarka ta yi farin jini a waya, sai a gayyace ka biki, a nan za ka samu. Mawaƙanmu na nan ma sun san wannan lissafi sarai.

Sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya zo yawon neman kiɗa a yankin Sahel. A garin Kidal na Mali ya zauna yana musayar waƙoƙi da samari, yana kwasa daga memorinsu. Cikin abin da ya kwasa akwai wata waƙa ta Mdou mai suna Tahoultine. A 2011 ya fitar da tarin waƙoƙin wayoyin Sahara ta ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, ya kuma bi sawun masu waƙoƙin don a biya su haƙƙinsu. Haka ya gano Mdou. A 2014 kamfanin ya buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan ɗaukarsa a Sakkwato. Shi wannan kamfani har tarin waƙoƙin fina-finan Hausa ya fitar, mai suna Harafin So.

Ban ga laifin baƙon nan ba. Ya yi aikin kirki. Abin da ke ci mini rai namu ne. Faifai a ƙasarmu aka dafa shi. Ya wuce ta gabanmu. Sai da wani ya taso daga wata uwa duniya ya rubuta suna a kai, sannan muka ji labari. Waƙoƙi nawa ne irinsa suka mutu a cikin kwamfutocin da suka lalace a Sakkwato da Kano da nan Zariya?

Sauran labarin a gurguje zan ba ku. Mdou ya koma jitar lantarki, ya haɗa ƙungiya. Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a bes. Faifansu na farko a sitidiyo a matsayin cikakkiyar ƙungiya shi ne Ilana, a 2019. Bayan shekara biyu suka fitar da Afrique Victime ta hannun Matador, wani sanannen kamfanin indi na birnin New York. Kiɗan ya ƙara zafi, ya ƙara gudu. Maganar ma ta faɗaɗa, ta kai ga mulkin mallaka da halin da Afirka ke ciki. 'Yan jaridar Turai suka yi ta yabo. Amma yabonsu a baya ya zo. Samarin tasha da na gindin bishiya sun riga su da shekara goma. Su suka fara zaɓa, da kunnensu.

Yanzu bari mu dawo gida. Mu dawo Tudun Wada.

Unguwar nan tun kafuwarta a zamanin Turawa masaukin baƙi ce. Birni na can cikin ganuwa, Sabon Gari na can hayin Kubanni, mu muna tsakiya. Mutanen Arewa daga kowace kusurwa nan suka sauka. Kunnen da ya tashi a irin wannan wuri ya saba jin harshe fiye da ɗaya.

Kuma ƙasar Zazzau ba baƙuwar kiɗan ƙungiya ba ce. Dattawa za su tuna Bala Miller, wanda asalin gidansu nan ne. Ya haɗa babbar ƙungiya a Kaduna, da jita da ƙahoni da ganguna, yana waƙa da Hausa tsantsa, ana nuna shi a talabijin. Za su tuna kukumar Hassan Wayam. Za su tuna ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, a 1988. Garin da jami'arsa ta sa wa makaɗin kalangu rigar dakta bai kamata ya ji kunyar zancen kiɗa ba.

To ina magadansu? Ku je gidan biki yau. Dije ne da lasifika da filashi. Ku je sitidiyo. Mutum ɗaya ne da kwamfuta, shi ne mai ganga, shi ne mai jita, shi ne mai sarewa. Na yabi wannan ɗaki ɗazu, kuma ban janye ba. Amma shi kansa Mdou bai tsaya a nan ba. Ɗakin ya buɗe masa ƙofa, ya fita ya nemi abokan kiɗa. Mu kuwa mun shiga mun rufo. Yaron da ke son koyon jita ko ganga da hannunsa a garin nan, in ba a coci ba ko wurin 'yan badujala, da wuya ya sami inda zai zauna ya koya.

Kuma akwai abin da ƙungiya ke koyarwa wanda kwamfuta ba ta koyarwa. Mutum huɗu su yi alkawarin ƙarfe huɗu, kowa ya zo. Mai ganga ya yi sauri, a dakata a sake. Mai jita ya so nuna gwaninta, a ce masa rage, ana son a ji waƙar. Dole ka saurari ɗan'uwanka kafin ka sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni dai burina, kafin in bar duniya, in ji samari huɗu 'yan Tudun Wada sun haɗa gurmi ko kukuma da bes da ganguna, sun yi waƙa da Hausar Zazzau a kan rayuwar layinsu. A kan rashin wuta, da kuɗin makaranta, da yarinyar da aka ba wani. In ji ta a wayar wani yaro a tashar mota, ban san masu ita ba, in tambaya.

Baba, na san har yanzu kana nan, kuma na san abin da ke ranka. Bari in zo gare ka.

Hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai. Sun yi bayani, sun kuma saɓa a wasu wurare. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa a rediyo ba. Kowane gida ya bi malamin da ya amince da shi. Tsoronka kuma ba na banza ba ne. Mun ga yaran da suka bi kiɗa suka ɓace cikin shaye-shaye. Mun ji waƙoƙin da ba za a iya saurara gaban suruki ba. Duk gaskiya ne.

Amma ka san a Yamai akwai wata ƙungiyar jita mai suna Tal National, da ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek? Wanda ya kafa ta, Hamadal Moumine, da ake kira Almeida, ya haɗa kiɗa da aikin alƙali. Da rana yana kotu, da dare yana riƙe da jita. Kayan kiɗa bai hana shi zama mutumin da ake kai wa ƙara ba.

Sannan ga wata gaskiyar. Iyafis ɗin nan ya riga ya shiga kunnen ɗanka. Ko ka so ko ka ƙi, yana zaɓe kullum. Yana gogewa, yana ajiyewa, yana turawa. Kai kaɗai ne ba ka san abin da ya zaɓa ba. Wanda bai san abin da ɗansa ke ji ba, ta yaya zai ce masa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba?

Lokaci ya ja, jama'a. Saura kalma biyu.

Samari, ku nake wa magana yanzu. Kunnenku yana da daraja, ya taɓa ɗaga mutum daga Abalak ya kai shi duniya. Idan za ku tura waƙa, ku tura ta da sunan mai ita. Idan ɗan unguwarku ya fitar da aikinsa na farko, ku saurara har ƙarshe kafin ku yanke hukunci. In ya yi muku, ku je wasansa, ku biya kuɗin ƙofa. Wanda kuma ke da waƙa a cikinsa, ya nemi abokai uku ya gwada.

Iyaye kuma, roƙo ɗaya nake yi. Yau bayan sallar isha'i, idan an ci tuwo, ka kira yaron nan. Kada ka yi faɗa. Ka ce ya ciro iyafis ɗaya ya ba ka, ya bar ɗaya a kunnensa. Ku ji waƙa ɗaya tare. Sannan ka tambaye shi wane ne mai ita, kuma me ya sa yake son ta.

Ni ma gobe da dare, in Allah ya kai mu, zan tambayi mai shayinmu sunan makaɗin da ke wayarsa.

 Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zaman lafiya.